Porthcawl: inda ɗan shekara 50 yake ƙaramin yaro

Jirgin ƙasa ba ya shiga garin Porthcawl. Wanda ya taso daga Cardiff, babban birnin Wales, sai ya sauka a Bridgend ya nemi bas, ta bi da shi ta cikin gonaki har zuwa bakin teku. Garin ƙarami ne. A da tashar lodin kwal ce, daga baya ya zama wurin da iyalan masu haƙar kwal ɗin suke zuwa hutun bazara. Idan ka tsaya a gaɓa ka dubi arewa maso yamma, kana hango masana'antar ƙarafa ta Port Talbot. Na isa can a ƙarshen watan Yuli na 2023, makon da ake buga Senior Open, ɗaya daga cikin manyan gasanni biyar na wasan golf da aka keɓe wa waɗanda suka cika shekara 50.

Dokar shekarun nan tana juya duniya. A kokawa ko dambe, idan gwiwa ta fara ciwo, zakara gefe yake komawa ya zama mai ba yara shawara. A golf kuwa, ranar da mutum ya cika 50 aka buɗe masa sabuwar kasuwa, kuma shi ne auta a cikinta, shi manya suke tsoro, domin ƙashinsa bai gama yin tauri ba. Amurkawa ne suka tsara zagayen gasannin dattawa a 1980. An fara Senior Open a Turnberry ta Scotland a 1987, Neil Coles ya ci ta farko, Gary Player na Afirka ta Kudu ya ɗauke ta sau uku. Tun 2003 Amurkawan ma suke lissafa ta cikin manyan gasanni.

Kulob ɗin Royal Porthcawl, wanda aka buga gasar a filinsa, ya samo asali tun 1891, kuma Sarki Edward na bakwai ne ya ba shi lambar sarauta a 1909. Babu bishiyoyin da za su tare iska, sai tudun ƙasa, doguwar ciyawa, ƙaya mai furanni rawaya, da ramukan yashi masu zurfi waɗanda idan mutum ya shiga sai ka ga hularsa kawai. Ramukan farko suna bin gaɓar teku ne kai tsaye. Mutanen wurin suna alfahari cewa daga kowane rami cikin 18 ana ganin ruwa. Gaskiya ne, amma abin da ke nufi shi ne babu inda iskar tekun ba ta samun ka.

Ga wanda bai saba ba: kowane rami yana da adadin bugun da aka ƙayyade masa, uku ko huɗu ko biyar. A wannan fili jimillar zagaye ɗaya 71 ce, kwana huɗu ke nan 284. Mai ƙarancin bugu shi ya ci. A 2014 Bernhard Langer na Jamus ya gama a nan da bugu 266, ya ba Colin Montgomerie da ya zo na biyu ratar 13. Ya dawo a 2017 ya sake ɗauka. Don haka sunansa ne a bakin kowa a wannan mako, balle ga shi makonni kaɗan kafin nan, yana da shekara 65, ya ci US Senior Open, nasararsa ta 46 a gasannin dattawa na Amurka, wadda ta sa ya wuce Hale Irwin mai 45. Siriri ne, ba ya gaggawa, ba ya yawan fara'a, yana auna kowane bugu har sai mai kallo ya ƙosa. Tun yana saurayi yake fama da rawar hannu idan ya zo jefa ƙwallo a rami daga kusa, abin da ya kashe sana'ar mutane da yawa. Shi ya sa yake amfani da doguwar sanda mai kai masa ƙirji, kuma da aka hana jingina ta a jiki a 2016, sai ya ɗan janye ta daga ƙirjin ya ci gaba da cin kofuna.

Ni dai wanda ya fi ba ni nishaɗi shi ne Miguel Ángel Jiménez na Sifaniya, zakaran 2018 a St Andrews, da tumbinsa da gashinsa ɗaure a ƙeya da sigarinsa. Kafin ya fara wasa yana wata irin miƙa da juya gwiwoyi wadda jama'a kan taru musamman don kallonta.

Masu kallon su ma yawancinsu furfura ce. Sun zo da kujerun ninkewa da fulas ɗin shayi, kuma sun san waɗannan 'yan wasa tun suna samari. Babu ihu irin na filin ƙwallon ƙafa. Da ɗan wasa ya tsaya kan ƙwallo, masu kula da layi za su ɗaga hannu, sai wurin ya yi tsit. Kuma ba a nesanta ka da su sosai. Kana jin ɗan wasa da mai ɗaukar jakarsa suna gardama a kan sandar da ta dace, kana jin nishin mutum idan ya sunkuya ɗaukar ƙwallo.

Daga Asabar yanayi ya ɓaci, Lahadi kuma abin ya kai maƙura. Ruwan ba daga sama yake sauka ba, daga gefe yake zuwa. Laima ba ta da amfani, na ga da yawa sun juye sun karye. Masu ɗaukar jaka suna ta fama da tawul don kada mariƙin sanda ya jiƙe. Mutanen da suka ci manyan kofunan duniya suna buga ƙwallo ta tashi, iska ta tsayar da ita a sama, ta yar da ita cikin ciyawa. A nan ne na ga abin da ya biya ni kuɗin mota. Ƙarfi bai taimaki kowa ba. Waɗanda suka tsira su ne masu ɗaukar babbar sanda su buga a hankali, ƙwallo ta tafi ƙasa-ƙasa tana gangarawa, su yarda da asarar bugu ɗaya don kada ta zama uku. Matashi yakan yi fushi da irin wannan rana. Waɗannan kuwa sun sha ganin ta, sai dai su girgiza kai su goge fuska.

Da yamma mutum biyu suka yi kunnen doki da bugu 289, wato bugu 23 sama da abin da Langer ya yi a wannan filin shekara tara da suka wuce. Ɗaya shi ne Pádraig Harrington na Ireland, wanda ya ci The Open a 2007 da 2008 da kuma PGA Championship a 2008. Porthcawl ba baƙon wuri ba ne gare shi: a nan, a gasar Walker Cup ta 1995, yana cikin tawagar Birtaniya da Ireland da ta doke Amurkawa, har da wani saurayi mai suna Tiger Woods. Jama'a bayansa suke, ba a ɓoye ba.

Ɗayan kuma Alex Cejka ne, kuma labarinsa ya fi tsaya mini a rai. An haife shi a 1970 a tsohuwar Chekoslobakiya. Yana da shekara tara mahaifinsa ya gudu da shi daga mulkin kwaminisanci, suka bi ta ƙasashe har suka samu mafaka a Jamus. Ya ci gasanni a Turai, amma a babban zagayen Amurka sau ɗaya tak ya ɗaga kofi, a Puerto Rico a 2015, yana da shekara 44. Bai taɓa cin babbar gasa ba. Da ya cika 50, a 2021 kaɗai ya ci biyu daga manyan gasannin dattawa, Regions Tradition da Senior PGA Championship. Masu cewa wannan zagaye baje kolin tsoffin taurari ne kawai ba su lura da irinsa ba.

Aka mayar da su rami na 18 don raba gardama. Karon farko suka yi daidai. Karo na biyu Cejka ya gama da bugu huɗu, Harrington da biyar. Cejka ya tafi da kofi, da kusan dala dubu 450, da gurbi a The Open ta shekarar da ta biyo baya a Royal Troon, cikin samari. Harrington kuwa karo na biyu ke nan a jere yana zuwa na biyu, domin a 2022 Darren Clarke ya sha gabansa a Gleneagles. Sai a 2025, a Sunningdale kusa da Landan, kofin ya shiga hannunsa.