Faifan da ke ƙarƙashin gadon Baffa

Bayan addu'ar arba'in ɗin Baffa, ni aka ɗora wa kwashe kayan ɗakinsa, tunda ni ne ba na fita aiki. A gidanmu na cikin birnin Zazzau, wanda yake rubuta manhaja daga ɗaki har yanzu cikin marasa aikin yi ake lissafa shi. A ƙarƙashin gado na jawo wani tsohon akwatin ƙarfe, ciki da faya-fayan garmaho. Akwai na Shata, akwai na Ɗan Maraya, waɗannan ba su ba kowa mamaki ba. Na can ƙasa kuwa haruffa uku ne a jikinsa, BLO, sai sunan faifan, Chapter One.

Gwaggo tana ganinsa ta kau da kai. "Ɗan nan, fitar mana da wannan. Kiɗan 'yan wiwi ne. A kansa Malam ya yi wata da watanni ba ya amsa gaisuwar Baffanka." Na ce, "To, Gwaggo," na kai shi ɗakina.

Ni Baffan da na sani dattijo ne mai farar riga, wanda ba ya rasa sahun farko. Ban san saurayin da yake hawa keke daga Ƙofar Doka zuwa Samaru, lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya dawo da irin wannan a jaka ba. Shi ya sa na nemi faifan a intanet a daren, tunda garmahon gidan ya daɗe da mutuwa. Ba kiɗa nake nema ba, so nake in ji ko Malam ne da gaskiya.

BLO mutum uku ne, sunan ma daga farkon sunayensu aka haɗa shi: Berkley Jones mai jita, Laolu Akins mai ganguna, da Mike Odumosu mai babbar jita mai kaurin murya. Kafin nan sun yi aiki da Ginger Baker, makaɗin gangunan ƙungiyar Cream ta Ingila, wanda ya zauna a Legas ya kafa wata ƙungiya mai suna Salt, ya fita da su waje. Da suka dawo suka tsaya da ƙafarsu, kamfanin EMI ya fitar musu da Chapter One a 1973, shekara uku bayan ƙarewar yaƙin basasa. A shekarar ce kuma Paul McCartney ya zo Legas ya naɗi Band on the Run a situdiyon wannan kamfani.

Salon da suka ɗauko shi ake kira saikadelik. A Ingila da Amurka ya taso, wajen 1966 zuwa 1967, kuma ba sharri Gwaggo ta yi masa ba: a can ya tashi ne tare da shan ƙwayoyin da ke juya hankali, kiɗan ma ƙoƙari yake ya kwaikwayi wannan juyawar. Ana bi da sautin jita ta wata na'ura har ya dushe ya yi ƙara kamar zanzaro a cikin gwangwani, ko a taka wani feda ya riƙa buɗe sautin yana rufewa kamar kukan jariri.

Saurare na farko ban ji komai ba sai hayaniya. A na uku ne, da abin ji a kunne, bayan an ɗauke wuta unguwa ta yi tsit, na lura da abin da Laolu yake yi. Su Turawan, in suka shiga wannan salo, sau da yawa kiɗan yakan saki ƙasa ya tafi yawo. Nan kuwa ganga ba ta sakin ƙasa. Ita da babbar jita suna kafa zagaye ɗaya, su riƙe shi, su yi ta maimaitawa, jitar Berkley kuma ta tafi inda ta ga dama ta dawo ta tarar da su suna nan. Wanda ya tashi da Shata a kunne ya san wannan tsari: kalangu da 'yan amshi suna tsaye wuri guda, shi kuma ya kai Bauchi ya kai Funtuwa ya dawo. Ban ce daga wurinsa suka koya ba. Cewa na yi kunnen Baffa ba baƙo ba ne a wannan gida, kuma ina jin abin da ya kama shi ke nan.

Waƙar da ta fi nuna haka ita ce Chant to Mother Earth. A hankali take tafiya, ba ta gaggawar zuwa ko'ina, muryoyin suna can nesa kamar daga bayan ganuwa. Sunanta dai ya tsaya mini a rai, domin kirari ga ƙasa a matsayin uwa ba maganar da zan faɗa da bakina ba ce, kuma na gode Allah da Gwaggo ba ta jin Turanci. Amma ita ce wadda kamfanin Strut ya zaɓa ya sa a tarin Nigeria 70 a 2001, inda mutane da yawa a waje suka fara jin BLO.

Faifan yana da rauni. Kalmomin Turancin ba su da nauyi, muryoyin ba za su tsaya kusa da na mawaƙanmu ba, wata waƙar kuma ta rawar fati ce kawai. Su kansu ba su daɗe a wannan hanya ba, faya-fayansu na baya sun karkata zuwa kiɗan rawa, Odumosu kuma ya koma Osibisa.

Abin da ya riƙe ni wani abu ne da ya shafi sana'ata. Ni duk layin da na rubuta zan iya janye shi, kowane kuskure yana da maɓallin komawa baya, shi ya sa akwai manhajar da na shekara biyu ina gyara ban sake ta ba. Waɗannan samari uku tef gare su. Babu inda mutum zai ɓuya a ƙungiyar mutum uku, in jita ta kauce kowa zai ji. Suka gwada abin da ba su da tabbacin kasuwa za ta karɓa, suka sa sunansu a kai, har suka kira shi babi na ɗaya.

Ran Juma'a da yamma ina sauraro a tsakar gida, sautin a ƙasa-ƙasa, Gwaggo tana tsince shinkafa. Can ta tsaya. "Wannan ne," ta ce. "Shi yake sawa in Malam ya tafi karatun dare. Ni yake sa wa gadin zaure, ya ba ni sule." Na ce, "Ashe da ke aka yi, Gwaggo." Ta ce in rage ƙara kada maƙwabta su ji, amma ba ta ce in kashe ba. Ta ci gaba da tsintarta har waƙar ta ƙare, sannan ta tambaye ni ko akwai wata mai sauri-sauri, wadda yake sawa bayan wannan.