Shekaruna a Jami'ar Notre Dame

A gefen garin South Bend da ke jihar Indiyana ta Amurka, tafiyar kamar awa biyu a mota daga Shikago, akwai wata jami'a ta mabiya ɗariƙar Katolika da ake kira Notre Dame. Can na yi digiri na biyu a Cibiyar Kroc ta nazarin zaman lafiya, wadda aka buɗe a 1986 da gudummawar wata attajira mai suna Joan Kroc. Shekaru sun ja, amma har gobe idan ana hirar makaranta ita ce take fara faɗo mini a rai.

Wani fada ɗan ƙasar Faransa, Edward Sorin, shi ya kafa ta a 1842 a bakin wasu tafkuna biyu. Makaranta ce da ba ta ɓoye addininta. Tun daga nesa za ka hango ƙubba mai ruwan zinariya a kan babban ginin mulki, da siffar Maryamu a tsaye a ƙololuwarta. A ajujuwa akwai gicciye a bango. Duk ɗalibin digiri na farko, ko injiniya yake son zama ko akanta, dole ya ɗauki darasin ilimin addini da na falsafa. Ni kuwa Musulmi ne ɗan Arewa, wanda ya ga abin da rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 suka yi wa maƙwabtaka, don haka na shiga da ɗari-ɗari.

Ba a daɗe ba hankalina ya kwanta. An nuna mini ɗakin da aka keɓe don salla, ranar Juma'a kuma mukan tafi masallacin cikin gari. Cikin malaman cibiyarmu har da Rashied Omar, limami daga birnin Cape Town na Afirka ta Kudu. Abin da na lura da shi, mutanen da suka riƙe ibadarsu da gaske ba sa mamakin ganin wani ya tashi daga taro don lokacin sallarsa ya yi. Da azumi ya zo, wata abokiyar karatuna Bakatolikiya takan duba agogo, ta turo mini dabino a kan tebur ana tsakiyar darasi, ba tare da ta ce uffan ba.

Karatu kuwa ba wasa. Littafi guda a mako ga kowane darasi, sannan a zauna zagaye da tebur a yi ta muhawara, malami na sauraro. John Paul Lederach, wanda ya yi aikin sulhu a Nikaraguwa da Somaliya da Kolombiya, yana cikin waɗanda suka koyar a wurin. A ajinmu akwai 'yan ƙasashen da ke gaba da juna, wasu sun binne 'yan'uwa a yaƙi, ga shi suna cin abinci a tebur ɗaya. Yawancin darena a ɗakin karatu na Hesburgh na yi su. Sunan Fada Theodore Hesburgh aka sa masa, mutumin da ya shugabanci jami'ar daga 1952 zuwa 1987, ya buɗe wa mata ƙofar digiri na farko a 1972, ya kuma tsaya hannu cikin hannu da Martin Luther King a gangamin neman 'yancin baƙaƙe a Shikago a 1964.

Lokacin jarrabawar Disamba, iskar tafkin Michigan takan zubo da dusar ƙanƙara har gwiwa. Da tsakar dare, idan na fito daga karatu, nakan bi ta wajen wani kogon duwatsu da aka gina a 1896 don addu'a. Sai ka ga samari da 'yan mata sun cire safar hannu, yatsu na rawa don sanyi, suna kunna kyandir, su durƙusa a kan katako, jakar littattafai a baya. Ni ba na kunnawa, amma na san abin da suke roƙo, don shi nake roƙo a sujadata.

Sai Asabar ɗin wasa. Ƙwallon Amurka, wanda ake runguma a hannu ana bangaje juna, shi ne ya kai sunan makarantar ko'ina a ƙasar tun zamanin mai horarwa Knute Rockne, wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1931. Filin wasan da aka buɗe a 1930 yana cin mutum wajen dubu 80, ɗaliban digiri na farko kuwa a lokacin ba su fi dubu 8 da 'yan kai ba. Tun da sassafe wuraren ajiye motoci sun cika da iyalai, ana gashin nama, hayaƙi na tashi kamar ranar Babbar Salla. Tsofaffin ɗalibai sukan zo da jikoki daga jihohi masu nisa. Ɗalibai ba sa zama, a tsaye suke kallo daga farko har ƙarshe. 'Yan wasa na shigowa da hulunan kwano masu ruwan zinariya sai ihu ya ɗauke maka ji. Ko an ci ko an sha kashi, a ƙarshe sai su zo gaban ɗalibai, kowa ya dafa kafaɗar na kusa da shi, a rera taken makaranta. Rabonsu da kofin ƙasa tun 1988, amma filin bai daina cika ba. Washegari kuma sai ka tarar da ƙaton da jiya ake kiran sunansa a talabijin yana zaune a ɗakin karatu, ƙanƙara ɗaure a gwiwa, yana fama da lissafi.

Akwai kuma damben ɗalibai da ake yi kowace shekara tun 1931, kuɗin da aka tara a aika wa makarantu da ayyukan jinƙai a Bangladesh. Gidajen kwanan ɗalibai na maza daban, na mata daban, kowanne da ɗakin ibadarsa da babban da ke kwana a ciki yana lura da yara, da kuma lokacin da baƙo zai fita. Yaro bai isa ya ɓace cikin taro ba a sani ba.

Iyaye sukan tambaye ni ko makarantar Kirista ba za ta raba ɗansu da addininsa ba. Abin da na gani da idona nake faɗa musu: na je da sallata, na dawo da ita, na kuma ƙaru da aminai da ilimin da nake cin moriyarsa har yau. Idan ɗanku ko 'yarku suka samu gurbi da tallafin karatu a irin wannan wuri, ku bincika yadda ya kamata, ku sa albarka, ku bar su su tafi.