Tafiyar da muka yi zuwa mafaɗar ruwan Timiya

An daɗe ana bina in rubuto labarin tafiyarmu Timiya, kullum ina cewa sai wata mai zuwa. Gaskiyar magana kunya ce ta hana ni, don a cikin labarin akwai inda ban kyauta ba. To yau dai na ɗauki biro.

Ni mutuniyar Tawa ce. Mun zo arewa a 2010, lokacin da ake ta ɗibar ma'aikata saboda aikin yuraniyom na Imuraren, wajen kilomita 80 kudu da Arlit. Maigidana direba ne. Da aka dakatar da aikin a 2014 sai muka zauna Arlit, muna ta maneji. Da kuma aka rufe ma'adinin Akuta a ƙarshen watan Maris na 2021, kun san yadda Akokan ta yi sanyi, gidaje da yawa tukunyarsu ta koma hannun mata. A lokacin ne ƙungiyarmu ta yi ƙarfi. Mu 25 ne, kowace Alhamis kowa na zuba dala ɗari a akwati mai kwaɗo uku, irin tsarin Mata Masu Dubara da aka faro a jihar Maraɗi a 1991. Ni ce shugaba, kuma da yake na fi kowa daɗewa a ajin yaƙi da jahilci, kaye ma a hannuna yake kwana.

A watan Disamba na 2022 muka yanke shawara mu je Timiya da kanmu mu saro lemu da rumman, maimakon mu jira ƴan kasuwa su kawo su ɗora mana ribarsu. Mu bakwai muka haɗa kuɗin mota. Sai ga babbar cikinmu, wadda duk muke ce wa Inna, ta ce da ita za a. Raina bai so ba. Ana bin ta bashin jaka 30, wa'adi ya wuce da wata huɗu, ko dala ba ta kawo ba. Dokarmu a rubuce take: tara, in an ƙi biya a cire daga rabon mutum a sallame shi. A zuciyata na riga na gama, muna dawowa zan karanta mata doka a gaban kowa.

Bayan asuba muka tashi, muka bi ta Gugaram, muka kwana Iferwan. Washegari muka ratsa ta kufan Asode, tsohon birnin Abzin da yanzu sai bangaye na duwatsu, muka isa Timiya da la'asar, ƙashin kowa na ciwo. Wadda ba ta taɓa zuwa ba, ki kwatanta a ranki: baƙaƙen duwatsu ta ko'ina, a tsakiya farin yashin kori, gefe da gefe garake kore shar, dabino da lemu da rumman da ɓaure. Na ga raƙumi na jan guga daga rijiya, ya je ya dawo, ruwa na bin ƙananan hanyoyi zuwa gindin itatuwa. A kan tudu kuma ga tsohon barikin da Faransawa suka gina yana kallon gari.

Matar mai garkar da ta sauke mu tana jin Hausa sarai, don mazansu tun kaka da kakanni suke bin ayarin gishiri zuwa Bilma, su gangara ƙasar Hausa su sayo hatsi. Da muka gama ciniki ta ce, "Haba baƙina, za ku zo Timiya ku koma ba ku ga ruwa ba?" Ta ce akwai wurin da ruwa ke faɗowa daga kan dutse, abin da ƴan lakwal ke ce wa kaskad, ƴan kilomitoci daga gari. Direbanmu ya ce shi kam gyaran mota zai yi. Ni na ce ba yawon buɗe ido ya kawo mu ba. Ƴan matan cikinmu suka yi mini ca, Inna ma ta miƙe ta ɗaura ɗamara. Aka haɗa mu da ɗan gidan ya yi mana jagora.

Ƴan uwa, tafiya cikin kori ba wasa ba ce. Yashi na haɗiye ƙafa, in kin fita daga yashi kin shiga duwatsu, wasu sumul kamar an shafa musu mai, wasu da kaifi. Iskar sanyi na dukan fuska, rana na dukan ƙeya. Silifas ɗina ya tsinke, na ɗaure shi da bakin ɗankwali. Inna tana ta zama baya, sai mun tsaya mun jira ta. A karo na uku haƙurina ya ƙare. Na koma na same ta ta dafa dutse tana haki, na ce, "Inna, don Allah ki zauna inuwar nan, in mun dawo mu tafi tare. Kina ɓata mana lokaci."

Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, ni ba lemu ya kawo ni ba."

Ta kwance bakin zanenta ta fiddo waya, ta nuna mini hoto. Autanta ne, yana tsaye a kan baƙaƙen duwatsu, bayansa shuɗin ruwa ba iyaka, kumfa na tashi. Ashe jaka 30 ɗin da na rubuta a kaye da sunan jarin kayan miya, kuɗin motarsa ne. Ya bi ta Asamaka ya shiga Aljeriya neman aiki, ya yi ta gaba har bakin teku. Wannan hoton ne saƙonsa na ƙarshe, tun daga nan waya ba ta shiga. Ta ce, "An ce mani nan akwai ruwa da duwatsu. So nikai in ga irin wurin da yaron nan ya tsaya."

Wallahi ban sami abin cewa ba. Wata huɗu ina duba sunanta a kaye ina jan layi, ban taɓa taka ƙafa gidanta na tambayi lafiya ba. Na ce wa sauran su yi gaba. Na kama hannunta, muka riƙa tafiya a hankali, in ta tsaya in tsaya.

Ƙarar ruwan muka fara ji kafin mu gan shi. Da muka sha kwana sai ga shi yana zubowa daga saman dutse, siriri, kamar farin rawani da aka saki, yana faɗawa cikin tafki mai sanyi ƙarara. Ba shi da girman da na zata. Yaron ya ce sai da damina, wajen watan Agusta, in an yi ruwa a kan duwatsu, ba mai iya kusantar wurin. Amma mu da muka saba da layin famfo da bido, ganin ruwa na zuba haka ba mita ba mai karɓar kuɗi, sai kowa ta yi tsit.

Inna ta zauna a bakin tafkin ta daɗe. Can ta tambayi yaron, "Teku ta ɗara wanga?" Ya ce bai taɓa gani ba. Ni kuwa maigidana ya sha kai kaya Kwatano, ya gaya mini teku ba a hango ɗaya gaɓar. Ban faɗa mata ba. Na ce, "Inna, Mai wannan shi ne Mai waccan." Ta yi alwala da ruwan, ta yi salla, muka ɗaga hannu tare da ita.

Da muka dawo Arlit, da izininta na kai maganar gaban taro. An yi musu sosai. Ma'ajiyarmu ta ce doka doka ce, in kowa za ta ɓoye dalilin cin bashi akwati zai wayi gari wayam. Kuma gaskiya ta faɗa, kuɗin nan gumin mata 25 ne. A ƙarshe muka tsaya a kan cewa asusun taimako ya ɗauki tarar, uwar kuɗi kuwa tana nan a wuyanta. Muka ware mata kaso cikin lemun ta kasa a bakin kasuwa, ta riƙa kawo jaka biyu duk Alhamis. Kafin ƙaramar Salla ta gama biya tsaf. Muka kuma ƙara layi ɗaya a dokarmu: ba a yanke wa kowa tara sai mata biyu sun je gidanta sun zauna sun ji.

Ƙungiyar da ke son zuwa, ga shawarata. Ku tambayi lafiyar hanya kafin ku tashi. Ku riƙe bargo da rufaffen takalmi. Ku nemi ɗan gari ya ja ku, kada ku shiga kori in kun ga hadari a kan duwatsu, kada kuma ku sa sabulu a tafkin, dabbobi na sha. Lemun Timiya kuwa ba ya kwantai, namu bai yi mako ba.

Har yau ba a ji ɗuriyar yaron ba. Inna tana nan tana zubi, ba ta fashi. Duk wadda ke da ɗan uwa a Tamanrasat ko can gaba bakin teku, don Allah ta same ni ranar Alhamis bayan la'asar, in nuna mata hoton. Sauran kuma ku sa su a addu'a. Allah ya bayyana shi cikin alheri, ya sa albarka a akwatunanmu, amin.