Nawa A Ke Biyanki?

A makon nan ina so mu duba wata tambaya wadda mu Hausawa mu ke jin nauyinta ƙwarai, watau a tambayi mutum nawa a ke biyansa. In kin tambayi mace kuɗin zanen da ta ɗaura, za ta gaya miki har da rumfar da ta saya. Amma tambaye ta albashinta, ko ladan hular da ta yi mako biyu tana ɗinki, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Alhamdu lillahi dai." Godiya wajibi ce, ba mai musu. Abin da na ke so mu yi tunani a kai shi ne, wa ke cin ribar wannan shiru namu?

Waɗanda suka sa ni wannan tunani wasu samari ne masu sana'ar rubuta manhaja. Ga wadda ba ta sani ba, manhaja ita ce umurnin da a ke rubuta wa kwamfuta ko waya don ta san abin da za ta yi. In kin aika wa ɗiyarki kuɗi ta waya suka isa Kano kafin ki sauke tukunya, to, wani ne ya zauna ya tsara wa na'urar hanya dalla-dalla. Ƙanena yana cikin masu wannan aiki. Duk sa'ad da ya zo gida Bici hutu, abokan sana'arsa kan taru a zauren Baba bayan la'asar, ni kuwa ina ɗakin da ke daura da su ina duba littattafan yarana na makaranta. Ta haka hirarsu ta ke shiga kunnena.

Hirar ba ta wuce abu biyu: labarin abin da ke faruwa a duniyar sana'arsu, da maganar albashi. Su kan tuna yadda Mark Zuckerberg mai Facebook ya zo Ikko a 2016 don ya ga matasa irinsu. Su kan ambaci Paystack, kamfanin da Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa, wanda kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020 a kan kuɗin da aka ce ya haura dala miliyan 200. In sun zo nan sai murya ta tashi, kowa na ganin gobe shi ne. Sa'an nan wani ya kawo labarin da zai sanyaya musu jiki. Kamfanin Andela, wanda ya fara koyar da matasa wannan sana'a a Ikko a 2014, ya sallami ƙananan ma'aikata wajen 400 a 2019, don masu ba shi aiki sun fi son ƙwararru. Kamfanin da ke da Facebook ya sallami mutum 11,000 a watan Nuwamba na 2022, Google kuma 12,000 a Janairu na 2023. A ƙarshen 2022 ɗin nan ne kuma ChatGPT ya fito, na'ura ta fara rubuta ƙananan manhajoji da kanta, masu koyo suka shiga zullumi.

Mai jin wannan daga nesa zai ce surutun samari ne kawai. Amma ku duba manomi. Ba ya ɗora buhun gero a mota sai ya ji yadda a ke sayarwa a Dawanau, mai tumatir ma ya kan tambayi labarin Badume kafin ya tsinka. To, labaran nan su ne Dawanau ɗin samarin. Da su su ke sanin ko bana masu aiki sun yi yawa, ko masu neman ma'aikata ne suka fi yawa, da kuma irin ilmin da ya yi tsada. Ga kuma maganar dala. A farkon 2023 dala ɗaya wajen naira 460 ce a banki, kafin Fabrairu na 2024 ta wuce naira 1,500. Saboda haka samari biyu masu aiki iri ɗaya, ɗaya na yi wa kamfanin waje ana biyansa da dala, ɗaya na yi wa na gida da naira, cikin shekara guda suka zama kamar ba ajinsu ɗaya ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda su ke faɗa wa juna albashinsu ba ɓoye-ɓoye. Wannan ya ce, "Kaza a ke ba ni." Wancan ya ce, "Kai, an kwashe ka! Je ka ce a ƙara." Ran nan sai suka taɓo maganar wata yarinya da suka yi karatu tare, wadda dukkansu suka yarda ta fi su kai. Tana aiki wuri ɗaya da guda daga cikinsu, kujerarsu kusa da juna, amma abin da ta ke karɓa da ƙyar ya wuce rabin nasa. Ran da aka ɗauke ta, da aka tambaye ta nawa ta ke so, cewa ta yi, "Duk abin da kuka ga ya dace." Ta nuna tarbiyya, mai kamfani kuwa ya ga garaɓasa. Shi saurayin kafin ya shiga sai da ya tambayi mutum uku, ya shiga da farashinsa a baki.

Ku lura da kyau, 'yan'uwa, ba ilmi ne ya raba su ba. Shi yana da zaure, ita ba ta da shi. Maza na da majalisa, da teburin mai shayi, da ƙofar masallaci, inda labarin farashi ke yawo kyauta. Yarinya mai kamun kai ba za ta je ta zauna cikinsu ba, ba kuwa ina cewa ta je ba. Amma in ba mu yi namu zauren ba, kullum labari zai riƙa wuce mu.

Kada ku ce wannan ciwon namu ne mu kaɗai. A Amurka an yi wata mata, Lilly Ledbetter, wadda ta yi kusan shekara 20 tana aiki a kamfanin taya na Goodyear. Sai dab da za ta bar aiki wani ya ajiye mata 'yar takarda ba suna, ta ga ashe mazan da su ke matsayi ɗaya sun fi ta albashi nesa ba kusa ba. Ta kai ƙara, amma a 2007 kotun ƙoli ta ce ta makara. Ina za ta yi ƙara da wuri a kan abin da aka ɓoye mata? Sai a 2009 aka gyara dokar, aka sa mata sunanta, ita ce ma doka ta farko da Shugaba Obama ya sa wa hannu. A cikin masu manhaja kuma, wata ma'aikaciyar Google, Erica Baker, ta buɗe takarda inda abokan aiki ke rubuta albashinsu kowa ya gani, labarin ya bazu a 2015. A 2022 Google ya yarda ya biya dala miliyan 118 don a kashe wata ƙara da aka kai a madadin mata wajen 15,500 a kan bambancin albashi. Duk wannan daga tambaya ɗaya ya faro: nawa a ke biyanki?

Mu komo gida. Ke uwargida da ke ɗinkin hula a ɗaki, dillaliya ta zo ta ce kasuwa ta faɗi, ta ba ki abin da ta ga dama. Ta shiga gidan maƙwabciyarki ta faɗi haka nan. Ba wadda ta san abin da aka ba 'yar'uwarta, ba kuma wadda ta san nawa hular ke tashi a kasuwar Kurmi. Haka mai sussuka, haka mai ƙuli-ƙuli, haka mu malamai. Gwamnatin Tarayya ta yanke mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, Jihar Kano ta sa nata 71,000. Amma akwai wadda muka gama kwalejin horon malamai tare, tana koyarwa a wata makarantar kuɗi, abin da a ke ba ta bai kama ƙafar wannan ba. Shekara biyu ba ta san malamin ajin da ke kusa da nata ya fi ta ba, sai da matarsa ta yi suɓul da baka a gidan suna.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma da gaskiyarku. Faɗin samu yana jawo baki da hassada, yana jawo dangi masu buƙata, wani lokaci har da ɓarawo. Ban ce ki tsaya tsakiyar gidan biki ki yi shelar albashinki ba. Fariya daban, shawara daban. Wadda za ki gaya wa ita ce abokiyar sana'arki mai riƙon asiri, don ku auna ku ga ko ana cutar ɗayanku. Kunya ado ce a gaban iyaye da surukai. A gaban mai sayen guminki kuwa, Hausawa sun riga sun gama magana: kunyar mara kunya asara ce.

Ku 'yan makaranta, sana'ar manhaja ba gadon maza ba ce. Mata shida ne suka tsara aikin ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko, wadda aka nuna wa duniya a Amurka a 1946. Sana'a ce da mace za ta iya yi daga ɗakinta, in akwai kwamfuta da wuta da intanet. Ku riƙe lissafi da Turanci da kyau, don su ne ƙofarta. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin 3MTT na koya wa matasa miliyan 3 irin waɗannan sana'o'i, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Fasaha a nan Bici kusa da mu. Amma kada a ruɗe ku da labarin dala. Ba kowa ke samu ba, kuma wanda ya tsaya a ɗan abin da ya koya bara, bana na'ura za ta yi shi. Duk wanda ya ce ki biya kuɗi kafin ya ba ki aiki, ki guje shi, ɗan damfara ne.

In Allah ya kai ki ranar ɗauka aiki, kowane iri ne, ga abin da na ke roƙonki. Kafin ki je, tambayi mutum biyu ko uku masu irin aikin nawa a ke biya. In an ce ki faɗi abin da ki ke so, faɗi adadi da ladabi, ki yi shiru ki jira amsa. Tambayi wa zai sayi data da man janareta, don su kan cinye albashi ba a sani ba. Tambayi yaushe a ke duba ƙari. Sa'an nan ki ce a rubuta miki duka a takarda, ki kai gida a karanta tare da wani babba kafin ki sa hannu.

Ku kuma iyayenmu mata, zaurenmu yana nan, ba sai an gina ba. Ranar zubin adashi, bayan an gama lissafi, ku ɗauki ɗan lokaci kowace ta faɗi nawa aka sayi hularta ko man gyaɗarta a makon. A aiki yaro mai hankali ya jiyo farashin birni, ko a buga wa 'yar'uwa waya a Kano. In mata goma a unguwa suka tsaya a kan farashi ɗaya, dillaliya za ta sake lissafi.

Ina so in ji daga gare ku. Wadda ta taɓa neman ƙari ta samu, ko aka hana ta, ta rubuto wa wannan fili yadda aka yi, ba sai ta sa sunanta ba, don na baya su ƙaru. Allah ya sa albarka a cikin neman kowa. Sai mako mai zuwa.

'Yar'uwarku, malamar makaranta a Bici.