Ƙoƙon Bara ko Lakwal?

Ɗan'uwa, ka taɓa jin sunan Ray Charles? Mawaƙi ne na ƙasar Amurka. Ya makance yana ɗan shekara 7. Uwarsa matalauciya ce, amma ba ta miƙa masa ƙoƙon bara ba. Ta tura shi lakwal. Can ya koyi karatu da yatsu, ya ƙware a kiɗa, har duniya ta san shi.

A 2004 aka yi silima a kan rayuwarsa, mai suna Ray. Da na kalla, uwar nan ce ta tsaya mini a rai.

Nan Yamai ma akwai lakwal ta makafi. In kana da yaro makaho a gida, kai shi. Ido kaɗai ya rasa, hankalinsa yana nan.