Tsohon Inji a Zauren Gidana

Ni ɗan maƙera ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a bakin zugazugi ya ƙare rayuwarsa. Ni kuwa boko ya ɗauke ni tun ina ƙarami, har na wayi gari ina koyar da kimiyyar harshe, hannuna ya manta nauyin masaba. Na faɗi haka ne domin mai karatu ya fahimci abin da ya tsayar da ni wata ranar Asabar, cikin daminar shekarar 2022, a gaban rumfar wani ɗan gwangwan a Tudun Wada, Zariya.

A cikin tarin ƙarafan da ake shirin ɗorawa a sikeli na hangi wani ɗan ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe, wanda tsawonsa bai kai ƙafa huɗu ba. Aikin irin wannan inji shi ne ya riƙe guntun ƙarfe yana juya shi, ma'aikaci kuma ya matso da wuƙa a hankali tana fere shi, har ya koma siffar da ake bukata. Da shi ake yin bushin da noti da sauran ƙananan sassan injuna. Tsatsa ta cinye fentinsa, kuma babu mariƙi a bakinsa, babu wuƙa ko ɗaya. Da na goge jikinsa sai suna ya bayyana: Myford ML7, samfurin da aka fara ƙerawa a Ingila a shekarar 1946.

Ba sha'awa kaɗai ta sa na taya ba. Akwai ɗan ƙanena, maraya, da ke hannuna. Ya gama difloma a fannin injiniyan injuna, ya shekara biyu yana yawo da takardu babu aiki, har na fara ganin alamun karaya a tare da shi. Na biya kusan rabin albashina na wata, aka ɗora injin a kura zuwa gida. Da uwargida ta leƙo zaure ta gan shi, sai ta ce, "Malam, kuɗin hatsin ne ka mayar tsatsa?" Ban ba ta amsa ba, domin a lokacin ba ni da ita.

Makonni uku muka yi ni da yaron muna wanki. Mun kwance duk abin da ke kwantuwa, muka jiƙa a kananzir, muka bi da buroshi. Gadon injin, wato shimfiɗar da mazaunin wuƙa ke zamiya a kanta, ba mu kusance shi da samfefa mai kaushi ba, domin daidaiton injin duka a kansa yake. Abin da aka kankare daga gare shi ba ya dawowa. Mun kuma tarar wani ya ɗura giris a ƙofofin da mai ya kamata ya bi, giris ɗin ya daskare ya toshe hanya. Wannan inji mai yake sha, mai tsinkakke. Mota mai juya shi kuwa, wani mai gyaran kwayil a Sabon Gari ya sake mata naɗi.

Daga nan ne na tafka kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Wata ƙusa mai zare ta ɓata, wato irin wadda ake murɗawa, mai layi a nannaɗe a jikinta. Na sayo wata mai kama da ita a kasuwa. Ta shiga zagaye biyu ta cije. Yaron ya ce, "Baffa, a dakata." Ban dakata ba, na sa sufana na danna da ƙarfi, zaren ramin ya ɓarke. Rashin sani ya fi dare duhu.

Aka yi mana kwatancen wani dattijo a Sabon Gari, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya. Ya zo ya duba ramin, ya duba ƙusar, sannan ya dube ni ya ce, "Dakta, an ce kai malamin harshe ne. To, wannan inji da inci yake magana, kai kuma ka yi masa magana da milimita." Na ce, "Baba, a gafarce ni, a kuma koya mini."

Bayanin da ya yi mana shi ne, ƙusoshin tsofaffin injunan Ingila suna bin ma'aunin da Joseph Whitworth ya tsara a 1841, wanda kusurwar zarensa digiri 55 ce, ana kuma ƙidaya yawan zaren da ke cikin inci ɗaya. Ƙusoshin da suka cika kasuwanninmu a yau na milimita ne, masu digiri 60. A ido kamar ɗaya suke, amma ba sa shiga juna. Ya kwance wani tsumma ya fito da kayan yanka zare da ya adana tun yana aiki, ya faɗaɗa ramin, ya yanka sabon zare. Da na miƙa masa ladan aiki sai ya ƙi karɓa, ya ce sharaɗinsa ɗaya ne: a riƙa turo masa yaron kowace Lahadi.

Neman kayan aiki shi ya fi ba mu wuya. Masana'antar da ta ƙera injin a Beeston ta rufe a 2011, kuma ko da yake ana samun sassansa a ƙasashen waje, farashinsu da kuɗin aikowa sun fi ƙarfina. Saboda haka muka bi kasuwanni: Sabon Garin Zariya, Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano. A nan digirina ya kasa. Na je da sunaye na littafi, masu kaya suka yi ta kallona. Sai da na koma zana abin a takarda, ko na kwatanta da hannu, sannan wani ya ambaci sunan da suke kiransa da shi, ya shiga cikin tsibin ƙarafa ya zaƙulo. Tun daga ranar na sayi ɗan littafi ina rubuta duk kalmar da na ji.

A Ƙofar Ruwa muka sami mariƙi mai haƙora uku, amma bai dace da bakin injinmu ba, wanda kaurinsa inci ɗaya da ɗaya bisa takwas ne, da zare 12 a kowane inci. Wani mai babban inji a Panteka ya yanka mana faifan haɗi. Dattijon ya hana a ƙarasa faifan a can. Ya ce a kan injinmu za a fere fuskarsa, domin ta haka ne kawai mariƙin zai juya ba tare da rawa ba.

Wuƙaƙe kuwa, a nan gadon gidanmu ya yi rana. Mun sami guntayen ƙarfe mai jure zafi kaɗan a kasuwa, sauran kuma daga tsofaffin magagarai muka yi su. Na tuna yadda mahaifina yake gasa ƙarfe har ya yi ja, ya tsoma shi, sannan ya sake ɗumama shi kaɗan yana duban launinsa don kada ya yi gautsi. Shekara arba'in ban taɓa awartaki ba, amma idona bai manta launin ba. Irin wannan wuƙa ba ta son gudu, idan ta yi zafi kaifinta ya tafi. A hankali kuwa tana yanka tagulla da ƙarfe mai taushi sumul. Da tsohuwar zuma ake magani.

Bayan wata biyar injin ya yi aikinsa na farko. Injin markaɗen wata maƙwabciyarmu ya kwana huɗu a tsaye saboda bushin ɗaya da ya cinye. Yaron ya auna, ya fere sabo daga guntun tagulla, ya shiga daram. Washegari da asuba ƙarar markaɗe ce ta tashe mu. Uwargida ba ta ce komai ba, sai dai ta aika masa da kunu har zaure.

Ɗan littafin nan nawa yanzu ya kusa cika. A cikinsa akwai kalmomin maƙera na asali, irin su uwar maƙera da masaba da awartaki, a gefe guda kuma ga na aro da suka zama 'yan gida, irin su sufana da noti da boris da samfefa. Ɗalibin harshe zai lura da yadda Bahaushe ya raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali, ya kuma rufe kalma da wasali, ba tare da wani kwamiti ya zauna ba. Bargery bai cika ƙamusunsa na 1934 daga kan kujera ba, sai da ya zaga ƙasar Hausa yana sauraron masu harshen.

Don haka nake jan hankalin malaman gobe: kafin ku tsaya gaban allo ku ce Hausa ba ta da kalmar wani abu na fasaha, ku fara zuwa gareji da maƙera da rumfar mai walda da ke unguwarku, da takarda da alƙalami. Ku gaida masu sana'ar da ladabi, ku tambaya, ku rubuta yadda suka faɗa. Dattijon da ya gyara mini kuskurena ya haura shekara saba'in, kuma abin da ke kansa ba a rubuce yake ba. Lahadin da ta wuce, tare da yaron muka je, shi da ma'auninsa, ni da ɗan littafina.