Daga Ƙetaren Gwari Zuwa Bakin Kogi: Neman Kayan Fatsar Giwan Ruwa

Baƙon da ya sauka a Minna, babban birnin Jihar Neja, ya tambayi inda za a duba masa mota, da wuya a rasa wanda zai nuna masa hanyar Ƙetaren Gwari. Unguwa ce ta kanikawa da masu walda da masu faci da 'yan tireda masu sayar da kayan gyara. Tun da hantsi ƙarar guduma ke tashi, ba ta lafawa sai la'asar sakaliya, ƙasar wurin kuwa ta yi baƙi saboda tsiyayar baƙin mai na shekara da shekaru. Sunan unguwar kansa ya isa labari, gama harshen Hausa ne ya raɗa shi, ƙasar kuwa ta Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari.

Jirgin ƙasa ne ya mayar da Minna gari. An shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911, ta bi ta nan, sa'an nan hanyar da ta taso daga Ikko ta zo ta haɗu da ita. Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo suka biyo ƙarfen jirgi suka zauna, kowa da sana'arsa. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 aka ba Minna hedikwata, sai motoci suka yawaita, masu gyaransu kuma suka yawaita tare da su.

To, mai karatu zai ce, me ya haɗa unguwar ƙarfe da kifi? Abin da ya haɗa su shi ne ruwa ya kewaye jihar. Kogin Kwara ya bi ta yammacinta da kudancinta, Kogin Kaduna ya ratsa tsakiyarta. Ga madatsar ruwa ta Kainji da aka gama a 1968, ga ta Jebba ta 1985, ga ta Shiroro ta 1990, ga kuma ta Zungeru da aka kammala a 2023. Ko a gefen Minna akwai madatsar Tagwai wadda garin ke sha daga gare ta. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami bakanike ko malamin makaranta ko ma'aikacin ofis wanda bai gaji su ba, amma ranar hutu ya ɗaura sanda a bayan babur ya nufi bakin ruwa. Wayar hannu ta ƙara wa irin waɗannan mutane sha'awa. Sukan ga masu fatsa a teku suna jawo wani dogon kifi mai haƙora, wanda Turawa ke yi wa laƙabi da sarkin kifi, da sanda mai ɗauke da injin naɗe zare, sai ransu ya biya.

Wannan kifin na ruwan gishiri ne, ba ya hawowa Kaduna ko Kwara. Amma ruwan daɗi ma da nasa sarkin, shi ne giwan ruwa.

Halin giwan ruwa

Giwan ruwa kifi ne mai farin jiki kamar azurfa, mai faɗin baki, wanda abincinsa 'yan'uwansa kifaye ne. Yakan girma har ya wuce kilo 100, ko da yake irin wannan ya yi wuyar gani a yau. Shi ne kifin da ake cin gasa da shi a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934. Ƙarfinsa da haɗamarsa sun kai ga cewa da aka zuba shi a Tafkin Victoria na Afirka ta Gabas cikin shekarun 1950, sai ya kusa ƙarar da ƙananan kifayen da ya tarar.

Yakan laɓe a gindin duwatsu da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, ya fi fitowa farauta da asuba da kuma gab da magariba. In ya haɗiyi koto ya ji ƙugiya, abu uku yakan yi: ya zabura da gudu zuwa zurfi, ya nemi dutse ko saiwa ya goga zaren, ko kuwa ya yi tsalle sama yana girgiza kai. Ga shi kuma ƙashin kumatunsa yana da kaifi kamar zarto. Duk wanda zai sayi kayan fatsa dominsa, wajibi ne ya riƙe waɗannan halaye a ransa, don kuwa su ne za su jarraba abin da ya saya.

Masunta na gado, kamar Sarkawa da suka bazu daga ƙasar Kabi da kuma Nufawan bakin Kwara, ba su jira injin Turawa ba. Suna da taru da birgi da mali da mari-mari, suna da zaren hannu mai kauri da suke naɗewa a guntun itace. Su sana'a suke yi, bakin iyali ke jiransu. Mai sanda da inji kuwa kifi ɗaya yake nema a lokaci guda, kuma sau da yawa kuɗin da zai kashe a kan kayan daga cikin kuɗin cefane zai tsakuro shi. Wannan ya sa kuskure wajen saye ba ƙaramar asara ba ce.

Injin da idon bakanike

Irin injin nan mai kwarkwaro a tsaye, wanda zare ke zubowa daga bakinsa in an yi jifa, wani Bature ɗan Ingila mai suna Illingworth ne ya yi masa rajista a 1905. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Mitchell na Faransa ya bazu da shi a duniya. Yau mafi yawan masu araha daga Sin suke zuwa, manyan sunaye irin su Shimano da Daiwa kuwa na Japan ne, kuma akwai jabunsu da yawa. Mutumin Minna ko dai ya dace da shi a kasuwa cikin kayan gwanjo, ko ya yi saƙonsa daga Ikko ko Anaca.

A nan ne mutumin Ƙetaren Gwari ya fi kowa sa'a, domin injin fatsa ba kome ba ne illa giya da boris da birki a cikin ɗan ƙaramin gida. Wanda ya saba kwance giyar mota ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Abu na farko shi ne girma. Akan rubuta lamba a jikin injin, daga 1000 zuwa sama. Ƙananan na karfasa ne da kawara. Mai neman giwan ruwa matsakaici, wato daga kilo 5 zuwa 15, ya nemi mai lamba 5000 ko 6000, wanda zai ɗauki kimanin mita 200 na zare mai kaurin milimita 0.40. Kamfanoni sun bambanta a lambobinsu, saboda haka ya karanta abin da aka rubuta a jikin kwarkwaron, kada ya dogara ga lambar kaɗai.

Abu na biyu, wanda ya fi kome, shi ne birki. A saman kwarkwaron akwai murfi da ake murɗawa, a ƙarƙashinsa akwai 'yan faifai da ke matse juna. Aikinsu shi ne su bar zare ya fita da nauyi sa'ad da kifi ya zabura, maimakon ya tsinke. Mai saye ya ɗan matse murfin, ya ja zaren da hannu. In ya fito sumul da nauyi iri ɗaya, birkin na kirki ne. In kuwa yana kamawa yana saki kamar kulocin da ya ƙone, ya ajiye shi ko da kyauta aka ba shi, gama a wannan kamawar ce zare ke tsinkewa.

Abu na uku, ya juya hannun a hankali ya saurara. Ƙara irin ta yashi a cikin giya alamar ciwo ce. Ya girgiza hannun ya gani ko yana rawa, ya mayar da shi baya ya gani ko yana tsayawa cak. Ya murɗa ƙafar injin da ke zama a kan sanda; in tana lanƙwasa a hannu, to, za ta lanƙwasa a gaban kifi. Kwarkwaron ƙarfe ya fi na roba, kuma ya shafa bakinsa da yatsa, don ɗan tsagi kaɗan ya isa ya yanke zare. Akwai kuma ɗan gare a jikin lanƙwasasshen ƙarfen da ke kama zare; in ba ya juyawa, zai riƙa cin zaren yana murɗe shi.

Masu sayarwa sukan yi taƙama da yawan boris da aka buga a kwali. Mai kanti yakan ce, “Maigida, duba, wannan goma sha biyu gare shi.” Tsohon bakanike yakan amsa da cewa, “Yaro, huɗu na ƙwarai sun fi goma sha biyu na gwangwani.” Gaskiyarsa kuwa. Haka nan tsohon inji na kamfanin kirki, in giyarsa ba ta cinye ba, aka wanke aka sa masa giris, yakan fi sabo mai ƙyalli wanda ba a san asalinsa ba. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma tsada ma ba shaidar nagarta ba ce.

Zare

Zare iri biyu ne a kasuwa. Akwai na nailan mai sili ɗaya, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1930. Akwai kuma saƙaƙƙe, wanda ya bazu cikin shekarun 1990. Saƙaƙƙen ya fi siranta nesa ba kusa ba in an gwada su a ƙarfi ɗaya, ba ya miƙewa, yana kuma nisan jifa. Amma yana da tsada, dutse yana yanke shi nan da nan, yana kuma tsaga yatsa in an riƙe shi da hannu. Na nailan yana da sauƙin kuɗi, yana jure gugar dutse, kuma miƙewar da yake yi takan rufa wa sabon shiga asiri in kifi ya fizga. A ruwa mai duwatsu da kututture irin na Kogin Kaduna, mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya ga nailan mai kaurin 0.40 zuwa 0.50, wanda na kirkinsa ke ɗaukar kilo 10 zuwa 15.

Babban abokin gabar nailan shi ne rana. Zaren da ya daɗe a rataye a bakin rumfa yakan dushe, ya yi tauri, ya riƙa barin fari-fari a yatsa. Irin wannan ya mutu tun kafin ya ga ruwa. Mai saye ya nemi na cikin kwali, ya ƙulla shi, ya ja da ƙarfi ya gani. In kuɗi ya gaza, gara a rage a kan inji a ƙara a kan zare, domin zare ne kaɗai ke tsakanin mutum da kifinsa.

A ƙarshen zaren a ɗaura wani mai kauri, kamar milimita 0.80 zuwa 1, tsawon gaba guda, saboda kaifin kumatun giwan ruwa. Inda tsage ya yi yawa kuwa sai an sa 'yar waya, don haƙoransa ba sa barin nailan. Kowane ƙulli yana rage ƙarfin zare, shi ya sa ake jiƙa shi da miyau kafin a tsuke. Wajen naɗawa kada a cika kwarkwaro har baki, a bar kamar milimita 2 ko 3, in ba haka ba zaren zai zubo ya sarƙe.

Kafin a bar gida akwai gwaji mai sauƙi. Ƙa'ida ita ce birki ya saki a kashi ɗaya cikin huɗu, ko cikin uku, na ƙarfin zaren. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Saboda haka mai zaren kilo 15 ya cika galan mai lita 4, ya ɗaura a bakin zaren, ya ja daga injin. Ya yi ta daidaita murfin har zaren ya soma fita daidai lokacin da galan ɗin ke barin ƙasa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Hanyar ruwa

Daga Minna mai zuwa Shiroro yakan bi ta Gwada, mai zuwa Zungeru da Wushishi kuma ya yi arewa maso yamma. Ko'ina ya sauka, ladabi shi ne ya fara gaida Sarkin Ruwa ko dattawan masunta, ya nemi izini, ya tambayi inda ake shiga da inda ba a shiga. Ruwa yana da masu shi, kuma su ne suka san lokacin da ake sakin ruwa daga madatsa, abin da kan sa kogi ya cika farat ɗaya. Ya kuma bincika lafiyar hanya, gama ƙauyuka da dama na ƙasar Shiroro sun sha hare-haren 'yan bindiga tun daga wajen 2020. In zai shiga kwalekwale ya sa rigar ruwa. Hatsarin jirgin ruwan da ya auku a ƙasar Mokwa cikin watan Oktoba na 2024, wanda ya ci rayuka masu yawa, ya isa gargaɗi.

Saura magana ɗaya. Manyan giwan ruwa sun ragu, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne: raga mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi, da zuba guba irin su Gamalin, wadda dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 ta haramta tare da nakiya. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa ta daɗe tana jan kunne a kan haka. Mai fatsa da ƙugiya ɗaya ba shi ne ya jawo wannan ba, amma shi ma yana da abin yi. In ƙaramin giwan ruwa ya kama, wanda bai kai tsawon kamu ba, ya zare ƙugiyar a hankali ya mayar da shi, don bai kai ga haihuwa ba tukuna.

In an dawo gida a goge injin, a ɗiga masa mai, a sassauta birkin don kada faifan su danne, a ajiye zaren a inuwa. Ran Litinin gudumar Ƙetaren Gwari za ta ci gaba da ƙara, injin kuwa yana rataye a ɗaki yana jiran wata Asabar. Allah ya ba mai nema sa'a, ya kuma dawo da kowa gida lafiya, amin.